Gawar da Ta Ƙi Awo

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma zan faɗe shi yadda ya zo mini, ba ƙari ba ragi.

Na gan ni a kan wata hanya ta jar ƙasa, rana tsaka, ina tafe ba takalmi. Ana ruwa. Sai dai ruwan ba daga sama yake saukowa ba. Daga ƙasa yake tsattsafowa ya tashi sama, ɗigo-ɗigo, ya shiga ta ƙasan rigata ya fita ta wuya. Ƙasar kuwa a bushe take ƙamas, don duk abin da ta fitar sama ke ƙwacewa. Mutanen da na gamu da su a hanya suna riƙe da laima a juye, kowa ya tura tasa gaban ƙafafunsa. Ban yi mamaki ba. Ƙishirwa kawai nake ji. Na sunkuya na buɗe baki ko zan tari ɗigo ɗaya, ya goce ta gefen kunnena ya wuce abinsa.

Can gaba sai ga gari. A samansa an kifa wani abu mai kama da ƙatuwar ƙwarya, ginin ƙasa, faɗinsa ya rufe garin duka. Yana zaune bisa ginshiƙai masu tsawon da wuya kan gaji kafin ido ya kai ƙarshensu. Ruwan da ke tashi a cikinsa yake taruwa. Mata na tsaye a ƙarƙashi suna sakin guga sama da igiya, su jawo shi ƙasa a kife, cike da ruwa.

Kafin in kai ƙofar gari wata tsohuwa ta taso daga kan dutse ta tare ni. Siririya ce, idonta ya faɗa, zanenta ya koɗe har ba a gane launinsa.

Ta ce, "Baƙo ne kai?"

Na ce, "Baƙo ne, Inna."

"Ka sha wani abu a ƙasar nan?"

"Ko ɗigo."

Ta kama bakin rigata da hannu biyu. Ta ce, "To don Allah, don darajar iyayenka, kada ka sha. Sunana Gwamma. Ɗana ne a zaune, so nake ya kwanta."

Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, don ba na son magana a dunƙule. Ta yi.

Abin da na gani a sama shi ne Tafkin Sama. Mai Ƙasa Cindo ne ya gina shi. Kafin zamaninsa ƙishirwa ke mulkin garin. Shi ya kwashi maza daga gonaki da kasuwa, da mai so da marar so, ya sa su hawa da kwandon laka a ka, mai bulala na biye. Da yawa sun faɗo. Ɗanta Nomau na cikinsu. Cindo ya ce jana'iza na cin lokacin aiki, a jera waɗanda suka faɗo a inuwar ginshiƙai, in an gama a yi musu gaba ɗaya. Da aka gama sai ya ce ai rundunarsa ce, runduna kuwa ba ta shiga gaban mai ita. In ya mutu a binne shi, su biyo baya.

Na ce, "Bai mutu ba ke nan."

Ta ce, "Ya mutu tun tuni. Binnewar ce ta gagara."

A garin, kamar yadda ake yi a namu, da karan dawa ake auna gawa a kai wa masu haƙa kabari. To Cindo ya ƙi awo. In mai yabonsa ya auna, sai ya miƙe ya fi ƙarfin kara. In mai kuka da shi ya auna, sai ya tsuke. Kowane kabari aka haƙa, ko ya yi masa kaɗan ko ya yi masa yawa. Ƙarshe dattawa suka yanke cewa baƙo ne zai auna, wanda bai rasa kowa a ginin ba, bai kuma taɓa shan ruwan ba.

Na ce, "Ba a yin baƙi a garinku?"

Ta ce, "Ana yi. Amma mu mutanen kirki ne, Malam, nan ne ciwon. Ba ma iya ganin baƙo mu ƙi ba shi ruwa. Kowane baƙo a ƙofar nan muke lalata shi da kanmu, sannan mu koma muna kuka."

Sai na gan ni a ƙofar gari.

Dattawa sun fito tarya. Na gabansu, mai farin gemu, yana riƙe da ƙwarya a kife, ruwa na rawa a ƙarƙashinta, garai-garai, sanyinsa har yana taɓa fuskata.

Ya ce, "Maraba, maraba. Sha tukuna, gaisuwa daga baya."

Na ce, "Na gode, Baba. Ba na sha."

"Azumi kake?"

"A'a."

"Ciwo ne?"

"A'a. Ba na sha ne kawai."

Suka dubi juna. Wani ya ce ko ƙwaryar ce ba ta yi mini ba, a kawo sabuwa. Aka kawo. Wani ya ce a sa zuma. Mai farin gemu ya fara hawaye, yana cewa, "Za a ji a ƙasashe, a ce baƙo ya shiga garinmu leɓensa a tsage."

Na ce, "Ba ku ne kuke neman baƙon da bai sha ba?"

Ya ce, "Mu ne. Allah ya kawo mana shi. Amma kai dai sha."

Na wuce. Suka biyo ni da ƙwaryar, ba su matsa ba, ba su kuma bari ba.

Sai na gan ni a wani ofis.

Bayan tebur akwai wani bunsuru da tabarau, an ce shi ne Sarkin Awo. A jikin bango an jingina damin kara, ya ci kan yawancinsu. Bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Ka taɓa mulki?"

Na ce, "A'a."

"An taɓa mulkarka?"

"Tun da aka haife ni."

Ya yi tsaki. "Ashe kai ma da naka ra'ayin. To ba mu da wani." Ya zaro kara ɗaya mai tsawon mutum ya tura mini da ƙaho. "Ga yadda abin yake. In ya fi karan nan, gwarzo ne, a kai shi maƙabartar gabas. In bai kai ba, azzalumi ne, a kai shi ta yamma."

Na ce, "In ya zo daidai fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ba mu da maƙabartar wannan."

Sai na gan ni a tsakiyar gari, daidai ƙarƙashin cibiyar Tafkin.

Nan aka ajiye Mai Ƙasa Cindo a kan makara, cikin likkafani, fuska a buɗe. Idonsa biyu. Jama'a sun rabu, wasu a damansa, wasu a hagunsa, kowane ɓangare da tabarmi da tukwane, alamar sun daɗe a wurin. A gefe wani tsoho na zaune a kan tsibin ƙasa, diga a cinya, kansa a sunkuye. Aka ce mini Baba Arzika ne, mai haƙa kabari.

Daga dama wani ƙaƙƙarfan mutum ya miƙe, sunansa Dogara. Ya ce, "Baƙo, saurara. Uwata ta haifi 'ya'ya da yawa, ni kaɗai na yi gemu. Sauran ƙishi ya kwashe. Ita kanta a hanyar neman ruwa ta faɗi, aka tsince ta rungume da tulu ba komai a ciki. Yau ga nawa 'ya'yan can suna watsa wa juna ruwa don wasa. Don wasa, baƙo! Wanda ya yi wannan, in ba gwarzo ba ne, gaya mini sunan da zan kira shi."

Yana magana gawar na miƙewa. Ƙafafun suka zarce makara, suka ratsa kasuwa, suka fice ta ƙofar gari. Masu talla suka ɗaga farantansu suka ba su hanya.

Daga hagu wani mai hannu ɗaya ya miƙe, sunansa Mantau. Ya ce, "Ya gama? To ni a gona aka same ni, fartanya a hannun nan da ba ka gani. Ba a ce mini zo ba, igiya aka sa mini. Ran da katako ya karye da mu, muna ƙasa muna nishi, na ji da kunnena ya ce a ja su gefe, suna tare hanyar masu laka. A ja su gefe! Wannan ne gwarzonka?"

Gawar ta tsuke, ta tsuke, har ta koma kamar ƙadangare a tsakiyar likkafani.

Dogara ya ce, "Kai da na gani da asuba kana kwankwaɗar ruwan har yana bin gemunka?"

Mantau ya ce, "Na sha! Hannuna na sha, ba na ubanka ba."

"Da ba don shi ba, da wane bakin za ka zage shi? Da tuni ka bushe kamar kilishi."

"Kai kuma da ba don mu ba, da shi da kai kuna nan kuna lasar laima."

Aka kwashe da hayaniya. Gawar na miƙewa tana tsukewa kamar zugazugin maƙeri. Na lura da abu biyu, kuma zan faɗe su ko ba a so. Cikin masu yabon nan ba wanda na gani da tabon bulala. Cikin masu zagin nan ba wanda na gani da busasshen leɓe. Kowannensu gaskiya yake faɗa, kowannensu kuma ya yanke ta daidai inda ta fara yi masa zafi.

Sai na gan ni a gindin ginshiƙai.

Suna nan a jere, a zaune, baya jingine da gini, layin ya miƙe har ya sha kwana. Ba sa wari, ba sa motsi sosai. Laka ta bushe a jikinsu. Gwamma na durƙushe gaban wani saurayi mai faɗin kafaɗa, tana gyara masa gammon da har yanzu ke kansa.

Ta ce, "Ga shi nan. Nomau, gaida baƙo."

Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ka yafe ni, ba na iya tashi da sauri."

Na ce, "Sannu da zama."

"Yawwa. Zaman ne dai. Bayana ya gaji."

Na durƙusa kusa da shi. Na ce, "Kai ka fi kowa haƙƙin magana. Mutumin can, gwarzo ne ko azzalumi?"

Ya ce, "Wallahi, Baba, ban taɓa ganinsa ba sai da aka kawo shi a makara. Mai bulala na sani, shi ma ga shi can a ƙarshen layi, tare muka faɗo." Sai ya ɗaga ido ya dubi Tafkin. "Sun ce ruwan da daɗi. Gaskiya ne?"

Na ce, "Ban sha ba."

Ya ce, "Ni ma."

Gwamma ta kau da kai. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ina sha. Kullum. In zage shi in sha, in sha in zage shi. Ba sunan da za a ba shi ne ya dame ni ba, Malam. Ku kira shi abin da kuka ga dama. Yaron nan dai ya kwanta."

Sai na gan ni tsaye a kan Mai Ƙasa Cindo, kara a hannu. Mai farin gemu na bayana da ƙwaryarsa.

Cindo ya juyo da ido ya dube ni. Muryarsa a natse take, irin ta wanda bai saba maimaita magana ba.

Ya ce, "Kai ne wanda bai sha ba."

Na ce, "Ni ne."

"Yaya maƙogwaron?"

Harshena ya zama kamar tsumma, yawu ya ƙare, in na haɗiya sai in ji kamar ƙaiƙayi nake haɗiya.

Ya ce, "Yini ɗaya ka yi. Haka na tarar da garin nan, daga jariri har tsoho, tun kakanni. Sun ɗauka wanda bai sha ba shi ne adali. Ba su san ƙishinka ne babban mai shaidata ba. Auna."

Na aza kara. Ina azawa na ji sanyin ƙwaryar nan a ƙeyata, raina ya ce da ma in sha, sai ga gawar tana zarce karan. Na ɗaga kai na hango layin da ke gindin ginshiƙai, sai ta tsuke ta bar rabin karan a banza. Na sake. Haka. Na rufe ido na auna, hannuna na dama ya ce ya yi tsawo, na hagu ya ce bai kai ba.

Na ajiye karan. Na ce, "Zan tambaye ka."

Ya ce, "Ba a saba ba. Amma tambaya."

"Ka nemi yardarsu kafin ka sa musu igiya?"

"Da na nema, da yanzu ana nan ana shawara, masu shawarar kuma ƙishi ya gama da su. Mai jin ƙishi yana son ruwa, ba ya son ɗaukar laka. Dole wani ya zama mugu. Na zama."

Daga dama aka yi guɗa.

Na ce, "Ran da suka faɗo, me ya hana a tsaya a binne su?"

"Laka ɗanya ce, ba ta jira. In aka tsaya yini ɗaya ginin ya tsage, waɗanda suka faɗo sun faɗo a banza ke nan."

Daga hagu aka yi tsaki, amma ba wanda ya ce ƙarya ne.

Na ce, "To an gama. Laka ta bushe, ruwa ya taru, gari ya sha. Me ya hana a lokacin?"

Idonsa ya tafi can wajen ginshiƙai ya dawo.

Ya ce, "Ruwa abin mantuwa ne. Yaron da aka haifa a inuwa zai ɗauka haka Allah ya yi sama. Amma in aka ga yawansu a bayana, za a san girman abin da na yi."

Na ce, "Ashe ado ka yi da su."

Ya ce, "Rakiya."

Na ce, "Saurara, Mai Ƙasa, ni ba na iya zaƙin baki. Amsarka ta farko da ta biyu sun fi ƙarfina. Ka je da su gaban Wanda ya san abin da zai faru da ba ka yi ba, ni ban sani ba, mutanen nan ma ba su sani ba, ihu kawai suke yi. Amma ta ukun nan ba ƙishin gari ba ne. Naka ne kai kaɗai. Ba wanda zai mutu da an binne su."

Na ɗauki karan na juya masa baya.

Na nufi gindin ginshiƙai, jama'a na buɗa mini. Na ce, "Nomau, miƙe ƙafa."

Gwamma ta cire masa gammo. Muka kwantar da shi a hankali, ƙasusuwan bayansa suna ƙara kamar busasshen itace. Na aza kara daga kai zuwa diddige. Bai miƙe ba, bai tsuke ba. Karan ya ɗara shi da ɗan kaɗan, na karye ragowar na yar.

Bunsuru ya iso a guje, tabarau a karkace. Ya ce, "Ba wannan aka ba ka ba! Doka ta ce Mai Ƙasa tukuna!"

Na ce, "Wa ya kafa dokar?"

"Mai Ƙasa."

"Yana ina?"

Ya waiga ya dubi makara. Ya sunkuya ya tsinci guntun karan da na yar, ya hau taunawa.

Sai muryar Cindo ta cika wurin, ba tare da ya ɗaga ta ba. Ya ce, "Ran da aka sa ɗayansu a ƙasa kafin ni, Tafkin zai tsage."

Wurin ya mutu. Mata suka daina jan guga. Ba wanda ya ɗaga kai, amma na ga wuyan kowa ya sandare. Na miƙa karan, ba hannun da ya fito karɓa. Na tsaya haka da shi a miƙe har kafaɗata ta gaji.

Gwamma ta ce, a hankali, "Ya faɗi haka da rai ma. Komai muka nema, Tafkin zai tsage."

Baba Arzika ne ya fara motsi. Ya taso daga kan tsibin ƙasarsa yana jan diga, ya karɓi karan ya jujjuya shi. Ya ce, "Na haƙa mai tsawon kasuwa, na haƙa mai kamar ramin gafiya, duk na mayar da ƙasa. Na gaji. Wannan dai na san in na haƙa za a shiga." Ya saɓa diga ya wuce.

Aka kawo makara ta kara, aka yi wa Nomau sutura. Mantau ya kama kusurwa ɗaya da hannunsa guda. Sauran kusurwoyin suna ƙasa. Sai ga Dogara ya ratso daga dama, fuska a murtuke, ya sunkuya ya kama.

Mantau ya ce, "Ka ɓata hanya ne?"

Dogara ya ce, "Rufe mini baki. Har gobe gwarzo ne, kuma zan faɗa a kan kabarinka. Amma 'ya'yana daga bayan wannan yaron suke sha."

"To ɗaga sosai, kana karkatar da shi."

Wasu biyu suka kama. Makara ta tashi.

A garin, kamar a namu, namiji ba ya ganin makara ta wuce ya ci gaba da zama. Na dama suka miƙe, na hagu suka miƙe, suka haɗu a baya suka zama jama'a ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Fili ya watse, sai tabarmi da tukwane. Mata kuwa ba sa bin gawa, suka shige gidaje. Gwamma ta raka mu da ido har bakin fili ta tsaya, don nan ne iyakarta.

Na waiga. Ba kowa a wurin sai ita da Mai Ƙasa Cindo. Da ba mai yabo ba mai zagi, gawar ta daina motsi. Wani tsoho na gani, matsakaici, da furfura a kunne da faso a diddige. Ƙudaje sun fara sauka a fuskarsa, ba shi da hannun korewa.

Gwamma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki wani faifai da aka bari a kan tabarma, ta zauna nesa kaɗan, ta miƙa hannu tana kore masa.

Ya ce, "Kin yafe ke nan."

Ta ce, "Ban yafe ba. Gawa ce, ba a bar wa ƙuda."

"To faɗa mini, ke da kika rasa kika kuma sha. Wanne ne ni?"

Ta ce, "Ka jira layinka. Akwai mutane a gabanka."

Na ɗaga kai sau ɗaya na dubi Tafkin. Bai tsage ba, a iya zamana dai. Abin da ya faru bayana ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba.

Sai na gan ni a bayan gari.

Ba gabas muka yi ba, ba yamma ba. Wani fili ne tsakaninsu, mai ƙaya da tsakuwa, inda ake ɗaure jakuna. Baba Arzika ya gama haƙa, yana tsaye a ciki yana share gumi. Aka yi salla. Dogara da Mantau suka sauka suka karɓi Nomau, suka kwantar da shi a kan damansa.

Nomau ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda ya sauke kaya bayan tafiya mai nisa. Ya motsa kafaɗa, ya miƙe yatsun ƙafa.

Ya ce, "Baba baƙo, kana nan?"

Na leƙa. Na ce, "Ina nan."

"Ya yi daidai. Don Allah in ka koma ka gaya wa Inna ya yi daidai. Na san ta, tana can tana tunanin zai matse ni."

Na ce, "Zan gaya mata."

Aka jera itace, aka toshe da laka. Baba Arzika ya juya diga ya fara jawo ƙasa, ƙarfen na karta tsakuwa, ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr. Na ce bari a gama in juya da gudu, tsohuwar nan tana jira. Ƙarar ta yi ta matsowa, tana ƙara kaifi, har ta shigo cikin kunnena.

Na buɗe ido. Gari ya waye. A tsakar gida mai ɗakina ce ke kankare ƙanzon tukunyar tuwo da cokali.

Na daɗe a zaune a bakin gado. Ban isar da saƙon ba.